Me ya sa waifar motarka ta daina hutawa tsakanin shara?

Idan waifa tana aiki a hankali da kuma da sauri, amma ta ƙi yin shara tana hutawa, to galibi injinta lafiya lau yake. Ɗan allon lantarkinta za ka duba. A kansa akwai kafasita da ke tara caji sannu a hankali. Da ta cika, sai rile ya kunna injin, ya yi shara ɗaya. Zafi da girgiza kan tsattsaga dalmar ƙafafun rile, ko su busar da kafasitar. Fara cire wayar batir. Sake narka dalmar da ta tsage. Kafasita kuwa, sa sabuwa mai lamba iri ɗaya, kada ka juya ƙafafunta. Gyara tun kafin damina, don yayyafi kaɗai ya isa ya rufe maka hanya.