Kason Gona Da Tukunyar Mai Albashi A Ƙetaren Gadar Kaduna

Wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi kudu zai tarar da Kakuri da Makera da Barnawa, unguwannin da neman albashi ya cika da jama'a, tun ba ma daga 1957 ba, sa'ad da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Masaƙar nan ta tsaya da aiki a 2002, amma zaman jiran ƙarshen wata yana nan yadda yake. Malamin makaranta, da akawun ƙaramar hukuma wanda ya gaji kujerar akawun En'e tun 1976, duk sun san yadda cefane ke cinye albashi kafin wata ya raba.

Saboda haka waɗansu suka koma ga wata tsohuwar dabara, watau noma-mu-raba. Ma'aikaci shi ne zai ba da iri da taki da kuɗin huɗa, manomi kuwa ya sa gonarsa da ƙarfinsa, in amfani ya zo a raba bisa sharaɗin da aka ƙulla gaban shaidu. Waɗansu da Gwarawan ƙauyukan Chikun suke yi, waɗansu da masu lambu na bakin kogi. Ba mu ga laifin wannan ba. Abin da muka lura kurum shi ne, galibi ba a gona ake yin hasarar ba, a madafa ake yinta.

Dalili kuwa, gona ba kasuwa ba ce. A kasuwa uwargida takan zaɓi abin da ranta ke so, gona kuwa abin da lokaci ya nunar shi take aikowa, kuma a tare take aiko shi. Mu kanmu, shekarar da muka fara, an kawo mana kwando biyu na tumatir rana ɗaya cikin hunturu. Muka yi ta miyar dage-dage har yara suka gaji, kafin kwana 7 rabin abin ya ruɓe. Da bazara ta zo sai ga mu a Kasuwar Kakuri muna sayen 'yan ƙwayoyi da tsada, alhali kuwa namu muka zubar a juji.

To, dole tukunya ta bi kwando. Da ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, ganye ke fara zuwa: alayyafo, rama, yakuwa, zogale. Nan ne fate ke da ranarsa. A tafasa ruwa da manja da daddawa da tattasai, a zuba tsakin masara ana motsawa don kada ya yi gudaji, sa'an nan a kawo alayyafo mai yawa da yakuwa kaɗan, domin in yakuwa ta yi yawa tsami zai kashe ɗanɗano. Ganyen a ƙarshe ake sa shi, kada a bari ya dahu har ya yi baƙi, gama amfaninsa ga jiki yana raguwa da yawan wuta. Rama kuwa a dafa, a matse, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa, ta isa abincin rana ba tare da an nemi nama ba. Akwai masu ganin wannan cimar ƙauye ce, ba ta dace da gidan mai karɓar albashi ba. Mun ga irinsu suna bin bashin shinkafa ran 20 ga wata.

Kaka ba ta da wuyar sha'ani. Ga kabewa da gyaɗa na miyar taushe, ga wake, ga doyar Gwari, ga dawa da masara na tuwo. Kabewa in ba ta ji rauni ba takan yi watanni a inuwa, kada a yi gaggawar fasa ta.

Aikin gaske yana cikin hunturu, sa'ad da lambu ya yi ambaliya kuma iska ta bushe. A yanka tumatir biyu, a shanya bisa tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, har ya zama kauɗa. Haka za a yi wa tattasai da kuɓewa. Zogale kuwa a inuwa ake shanya shi. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye lambuna har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin, ya san gidan da ke da kauɗa a buhu bai rasa jar miya ba.

Saura abu ɗaya, ranar ƙulla sharaɗi. Maigida yakan tafi shi kaɗai, ya ce a shuka masara duka, don ita ce yake iya ƙirgawa da buhu. Ya kamata ya fara shawartar mai girkin, ita ce ta san kunya nawa na kuɓewa za ta iya yankawa ta shanya, da mudu nawa na wake gidan ke ci daga kaka zuwa faɗuwar ruwa.