Yadda Likitoci Ke Leƙa Ƙwaƙwalwa Tana Kan Aiki

A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara naɗar lantarkin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke fitarwa, daga nan aka samo gwajin EEG. Ana manna ƙananan faranti na ƙarfe a fatar kai da wani mai mai danƙo, wayoyi su tafi kwamfuta, sai layuka masu hawa da sauka su bayyana. Babu allura, babu yanka. Da shi ake tabbatar da farfaɗiya, cutar da har yau da yawa a wajenmu ke ɗora wa iskoki. Abin takaici ne yaro ya bar makaranta saboda ciwon da magani ke shawo kansa.

EEG akwai sauri, amma ba ya nuna takamaiman inda lantarkin ya taso, musamman can cikin ƙwaƙwalwa.

Wannan giɓin ne gwajin fMRI, wanda ake yi da injin MRI, ya cike. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 na kuzarinsa. Duk sashen da ya kama aiki, jini mai ɗauke da iskar oksijin yakan ƙara kwarara can. A 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan, ya nuna cewa maganaɗisun injin MRI na gane wannan bambanci na oksijin a jini. Mutum zai kwanta cikin injin mai ƙara, a ce ya motsa yatsa, sai sashen da ke juya yatsan ya fito a hoto. Sai dai jinin yakan makara da 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa masu bincike kan haɗa gwaje-gwajen biyu.