Kada na'ura ta rikita sana'arku da ta wani

'Yan'uwa, a shekarar 2024 aka sa Meta AI cikin WhatsApp a Najeriya. Yanzu mai neman masara ko waken suya daga Kano yana iya tambayarta kafin ya kira ku. Na'urar nan ba ta taɓa taka Tudun Kaya ba. Abin da aka rubuta a intanet take tattarawa ta ba da amsa. To, shaguna da ƙungiyoyin mata nawa ne ake kira Alheri? Ba su ƙirguwa. Sai ta ɗauki sunanku ta haɗa da lambar wayar wata Alheri ta Zariya, ciniki ya tafi can.

Don haka kada sunan ya tsaya shi kaɗai. Ku rubuta Alheri Tudun Kaya, ƙaramar hukumar Ƙaraye, jihar Kano, gama Tudun ma suna da yawa. Rubutun ya zama iri ɗaya a allo, buhu, rasit da Facebook, da lambar waya guda. Masu hali su yi rajista da hukumar CAC, wadda ba ta yi wa sana'a biyu rajista da suna ɗaya. Mai saye kuma ya karanta muku sunan da ya fito a asusun banki kafin ya tura kuɗi.