Bindigar Toka Ba Ta Tsufa Ba A Ƙasar Gude

Duk wanda ya taɓa shiga silima a Legas ko Ibadan ya san bindigar 'yan kaboyi, watau wadda ake jan mariƙinta ƙasa a mayar, harsashi ya hau. Sunanta Winchester, samfurin 1873, tana cin harsashi har 15. An daɗe da barin yaƙi da ita, amma kamfanin Uberti na ƙasar Italiya, wanda aka kafa a 1959, ya shahara da ƙera sababbi a kan tsohon fasalin, mutanen Amurka suna saye don gasar harbi da nishaɗi.

To, a ƙasar Gude ma, a gindin duwatsun Mandara daga Mubi zuwa Gella, maƙera suna ƙera sabuwar bindiga bisa tsohon fasali. Sai dai tasu ba ta wasa ba ce. Ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka. Asalinta irin waɗanda fataken Turai suka riƙa saukewa a bakin teku ne, tun zamanin cinikin bayi.

Maƙeri yakan sami bututun ƙarfe, ya sassaƙa mata gindi da itace mai ƙarfi, ya haɗa kunama. Maharbi kuwa ta baki yake ɗura albarushi, ya bi da tsumma, ya zuba guntayen ƙarfe, ya daka da sanda. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Saboda haka maharbin kirki ba ya gaggawa, sai ya laɓaɓa ya matso kusa.

Da ita manomi ke korar birai da gyado daga gonar dawa. Amma ranar da ta yi suna ita ce a 2014. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Kamaru. Kafin tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin, kuma maharba da 'yan banga masu irin waɗannan bindigogi suna cikin waɗanda suka taimaki soja. Tun daga nan aka daina raina ta.

Nan ne maganar ta shafi 'yan'uwa mazauna Kudu. Sau da yawa akan aiko daga gida a ce a taimaka da kuɗin bindiga don tsaron gona. Abu biyu ya kamata mai aikawa ya tuna.

Na ɗaya, doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta haɗa har da bindigar toka, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke da ikon ba da lasisinta. Dokar soja ta 1984 ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya ɗauko ta a cikin kaya zuwa Agege ko Sabo, lalle ya sayi rigima da kuɗinsa.

Na biyu, lafiya. Bututun ruwa ba a yi shi don wuta ba. In albarushi ya yi yawa, ko aka zuba irin na harsashin zamani, sai ya tsage, ya tafi da yatsu ko ido.

Don haka in za a aika, a haɗa da kuɗin lasisi, a kuma ce a nemi maƙerin da maharba suka yarda da aikinsa. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ake jinginawa a kafaɗa.