Ebola da shan-inna: Abin da cututtuka biyu suka koya wa Najeriya kan yanke shawara

A ranar 20 ga watan Yulin 2014 ne wani fasinja daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas ɗauke da cutar Ebola. Wata uku cif bayan nan, ranar 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. Mutum 20 ne suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 daga cikinsu suka rasu. A lokacin babu rigakafin Ebola da aka amince da shi.

Ita kuwa shan-inna, wadda aka samu rigakafinta tun shekarun 1950, sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Najeriya da sauran nahiyar Afirka sun kuɓuta daga ainihin ƙwayarta.

Ƙasa ɗaya ce, kuma wasu daga cikin jami'an da suka yaƙi shan-inna su ne aka ɗauko suka yaƙi Ebola. To me ya sa cutar da ba ta da rigakafi ta ƙare cikin wata uku, mai rigakafi kuma ta ci shekaru? Wani ɓangare na amsar yana cikin yanayin ƙwayoyin cututtukan kansu. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne, matsalolin biyu ba iri ɗaya ba ne, don haka salon yanke shawarar da ya yi wa ɗaya amfani bai isa ya warware ɗayar ba.

Matsala iri huɗu

A shekarar 1999 wani masani ɗan yankin Wales na Birtaniya, Dave Snowden, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin IBM, ya fito da wani tsari da ya kira Cynefin. Kalmar ta yaren Wales ce, tana nufin mazaunin da mutum ya saba da shi. Tsarin ya ƙara shahara a 2007, bayan da Snowden da Mary Boone suka yi bayaninsa a mujallar Harvard Business Review.

Tsarin na cewa kafin shugaba ya tambayi abin da zai yi, ya fara tantance irin matsalar da ke gabansa. Akwai bayyananniya, wadda kowa ya san sababinta da maganinta. Akwai mai wuya, wadda tana da amsa amma sai gwani ya bincika. Akwai mai sarƙaƙiya, wadda ba a gane abin da ke haifar da me sai bayan abin ya faru. Sai kuma hargitsi, inda babu lokacin tsayawa nazari.

Wasu masana biyu a Kanada, Sholom Glouberman da Brenda Zimmerman, sun kwatanta uku na farko a 2002 da bin ƙa'idar girki, da aika kumbo zuwa duniyar wata, da kuma tarbiyyar yaro. Wanda ya aika kumbo sau ɗaya zai iya maimaitawa da lissafi iri ɗaya. Amma duk uwar da ta reni 'ya'ya biyu ta san abin da ya gyara na fari yana iya ɓata na biyu.

Inda bin ƙa'ida ya wadatar

A bayyananniyar matsala ba a buƙatar taro ko doguwar shawara. Abin da ake so shi ne a bi matakan da aka sani ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai tambayoyi 19 da ma'aikatan ɗakin tiyata za su riƙa dubawa sau uku: kafin a sa wa majinyaci maganin barci, kafin a fara yanka, da kuma kafin a fitar da shi. Tambayoyin masu sauƙi ne. Shin wannan ne majinyacin? A nan ne za a yi aikin? An ƙirga kayan aiki sun cika?

Da aka gwada takardar a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, ciki har da wani a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8. Likitocin ba su koyi wani sabon ilimi ba. An dai toshe ƙofar mantuwa ne.

Lokacin da jira ke kisa

Kwanakin farko na Ebola a Legas hargitsi ne. An kai Sawyer wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Obalende, inda aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, duk da cewa ba a taɓa samun cutar a Najeriya ba.

Sawyer ya nemi a sallame shi domin ya halarci wani taron ƙungiyar ECOWAS a Kalaba, kuma an matsa wa asibitin lamba ya sake shi. Likitar ta ƙi. Ta killace shi, aka sanar da hukumomi. Ba ta jira samun cikakken tabbaci ba, domin da ta yi kuskuren tsare shi, abin da za a rasa bai wuce taro ɗaya ba. Da kuwa ta yi kuskuren sakinsa, da cutar ta shiga jirgi da otal da zauren taro.

Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli. Ita ma Adadevoh ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Wannan shi ne abin da tsarin Snowden ke nufi da hargitsi: a fara ɗaukar mataki don tsayar da ɓarna, sannan a duba abin da ya biyo baya. Matakin likitar ya sayo wa ƙasar lokaci, ya kuma mayar da hargitsin zuwa matsalar da gwanaye za su iya riƙewa.

Daga nan aiki ya koma hannun masana. An buɗe cibiyar ayyukan gaggawa a Legas irin wadda aka kafa don shan-inna a 2012, Dakta Faisal Shuaib ya jagorance ta. An bi sawun mutum 894 da suka yi cuɗanya da masu cutar, aka kai ziyarar ido da ido kusan 18,500, ana auna zafin jikin kowa har kwana 21. Aiki ne mai wahala, amma an san abin da ake nema da yadda za a same shi.

Inda umarni ba ya aiki

A takarda, shan-inna ta yi kama da bayyananniyar matsala: a ɗiga wa kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 5 maganin a baki, a maimaita, shi ke nan. Haka aka ɗauke ta, aka riƙa tura ma'aikata gida-gida da jadawali daga sama.

A 2003 aka dakatar da rigakafin a jihohin Kano da Zamfara da Kaduna, bayan yaɗuwar zargin cewa an sa masa sinadarin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma ya samu wurin zama. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka mutu. Iyaye da dama kuma na tambayar dalilin da ake biyo su har gida da maganin shan-inna kyauta, alhali idan yaro ya kamu da zazzaɓi ko ƙyanda sai sun biya kuɗi a asibiti.

Kano ta ci gaba da rigakafin a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, amma kafin ƙura ta lafa ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da suka kamu, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano.

Ashe matsalar ba ta ɗigon magani ba ce kaɗai. Ta haɗa da amana, da siyasa, da talauci, da tsaro, kuma kowanne na taɓa ɗan'uwansa. A irin wannan hali babu gwanin da ke da amsa a aljihu. Sai dai a gwada ƙananan dabaru da yawa, a ga wadda ta karɓu a faɗaɗa ta, wadda ta gaza a ajiye.

Haka aka koma yi. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, inda hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Aka ɗauki matan unguwa da jama'a suka sani su riƙa shiga gidaje suna tattaunawa da iyaye mata. Waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa raka ma'aikata. Aka kuma buɗe sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa tare da ba da ɗigon. Babu guda daga cikin waɗannan da ta isa ita kaɗai, kuma abin da ya yi aiki a wata ƙaramar hukuma ba lallai ya yi a maƙwabciyarta ba.

Haɗarin sakin jiki

Snowden ya yi gargaɗin cewa matsalar da aka ɗauka an gama da ita ce ta fi saurin rikiɗewa zuwa hargitsi. Bayan shekara biyu ba a ga ko yaro ɗaya ba, a Agustan 2016 aka gano cutar a jihar Borno. Bincike ya nuna ƙwayar ta daɗe tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Har yanzu ma ana samun wani nau'in cutar da ke ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba.

Akwai kuma kuskuren sabo. Gwani yakan ga kowace matsala a matsayin mai buƙatar ƙarin bincike. Ma'aikacin ofis yakan nemi takardar ƙa'ida. Wanda ya yi suna a lokacin hargitsi kuma yakan ci gaba da ba da umarni ko bayan ƙura ta lafa. Daga nan ne ake samun a kafa kwamiti kan ambaliyar da ta riga ta shigo gari, ko a ba da wa'adin mako biyu kan rikicin manoma da makiyaya da ya shekara da shekaru.

Tsarin yana da nasa rauni. Ba ya ba da ma'aunin da zai nuna ajin da matsala take, kuma mutum biyu na iya kallon abu ɗaya su saka shi a aji daban-daban. Sau da yawa ma matsala ɗaya tana ɗauke da dukkan ajin huɗu. A yaƙi da shan-inna, adana maganin cikin sanyi bin ƙa'ida ne, gano asalin ƙwaya a ɗakin gwaji aikin gwani ne, shawo kan maigidan da ya hana a ɗiga wa 'ya'yansa kuwa sai an bi shi sannu.

Duk da haka, akwai tambayoyin da shugaban makaranta ko ɗan kasuwa ko magidanci zai iya yi wa kansa. Shin an taɓa warware irin wannan, kuma hanyar na aiki kullum? Idan haka ne, a bi ta. Akwai wanda iliminsa zai iya gano amsar? A neme shi, a kuma ji ta bakin fiye da ɗaya. Sakamakon ya dogara ne da yadda mutane za su karɓi abin? A fara da kaɗan, ta yadda ko an faɗi asarar ba za ta yi yawa ba. Idan kuwa kowane minti na ƙara ɓarna, a tsayar da ita tukuna, bincike ya biyo baya.