Izinin Shiga Daban, Izinin Buɗe Shago Daban

Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi a gida, sai ka ji an tayar da zancen Ghana. Na ji shi a rumfunan Kantin Kwari, na ji shi a wurin ɗaurin aure, kuma kusan kullum da fasali ɗaya yake zuwa. Ai ƙasar ECOWAS ce, ba a neman biza. Hausawa sun cika Nima da Zangon Kumasi, ko kalmar Turanci ɗaya ba ka ji za ka yi ciniki. Kakanninmu ma da jakuna suka je Gwanja suka yi arziki, ba wanda ya tambaye su takarda. Saboda haka wanda ya tara ɗan jarinsa kuma yana da fasfo, kuɗin mota kaɗai ya rage masa. In jami'ai sun matsa, sai a rubuta shagon da sunan wani ɗan'uwa na can, shi ke nan.

Masu wannan magana ba wawaye ba ne, ba kuma malalata ba. Galibinsu mutane ne masu neman halal, kuma kowane yanki na zancensu yana da gaskiya a ciki. Inda matsalar take shi ne an ɗinke gaskiyoyi huɗu an fitar da rigar da ba ta shiga wuya. Bari mu warware ɗinkin.

Mu fara da ECOWAS, tunda ita ce hujjar da aka fi dogara da ita. Yarjejeniyar zirga-zirga da shugabannin yankin suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta kasa al'amarin mataki uku: 'yancin shiga, 'yancin zama, da 'yancin kafa sana'a. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, wato ka shiga ba biza, ka zauna har kwana 90. Na biyu an yi masa ƙarin yarjejeniya a 1986, na uku a 1990. A rubuce, yarjejeniyar 1990 ta ce a bar ɗan wata ƙasar ECOWAS ya kafa sana'a bisa sharuɗɗan da aka gindaya wa ɗan ƙasa. Don haka ɗan kasuwar da ya ce an yi masa alkawari bai yi ƙarya ba. Sai dai hatimin da jami'in shige da fice ya buga maka a iyakar Aflao hatimin matakin farko ne kawai. Shi ya ba ka damar kwana a gari. Bai ce komai ba game da shago.

Abin da ya yi magana kan shago shi ne dokar Ghana ta zuba jari ta 2013, wadda hukumar GIPC ke aiwatarwa. Dokar ta ware wasu sana'o'i ta ce na 'yan ƙasa ne kaɗai: sayar da kaya a cikin kasuwa, talla, kasa kaya a rumfa ko tebur, shagon aski da na gyaran gashi, sayar da magani ɗaiɗai, yin ruwan leda da sayar da shi, da harkar tasi ga wanda motocinsa ba su kai 25 ba. Mai karatu ya sake duba jerin nan da kyau. Kusan duk abin da ƙaramin ɗan kasuwarmu ke da niyyar yi in ya isa Accra yana ciki.

Wanda kuma yake son buɗe kamfanin saye da sayarwa a matsayinsa na baƙo, dokar ta ce ya zo da jarin da ya kai dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki 'yan Ghana aƙalla 20 aiki. Sauran harkokin da ba saye da sayarwa ba, in baƙo ne ya mallaka shi kaɗai dala 500,000, in da haɗin gwiwar ɗan ƙasa dala 200,000. Dokar 1994 da ta gabace ta dala 300,000 ta nema ga masu saye da sayarwa, ka ga ke nan hawa aka yi. A 2025 gwamnatin John Mahama ta bayyana aniyar sassauta sharaɗin jarin, kuma wannan ma darasi ne: alƙalamin yana hannun majalisar Ghana, ita ke tsanantawa, ita ke sassautawa, ba hirar rumfa ba.

Wani zai ce ai doka ce a takarda, mutane nawa ke kasuwancinsu lafiya lau? Haka ne, akwai su da yawa, wasu shekara ashirin ba wanda ya ce musu kanzil. Amma dokar da ake kau da kai a kanta ba mutuwa ta yi ba, barci take yi, kuma ba kai ke da ikon ranar tashinta ba. A 2019 da 2020 an garƙame ɗaruruwan shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi, ciki har da na masu sayar da waya a Circle da na masu kayan gyaran mota a Suame Magazine. Wani lokacin 'yan ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, GUTA, ne ke zuwa da kwaɗo, wani lokacin kwamitin gwamnati. Abin ya yi tsanani a daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayan 'yan Ghana suka maƙale a hanya. Sai da kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Accra a Satumban 2020 don a sasanta. Mai shago a Circle bai rufe iyakar Seme ba, ba a ma yi shawara da shi ba, amma a ƙofarsa aka rama.

Na yarda cewa akwai karo tsakanin wannan doka da alkawarin 1990, kuma ina ganin 'yan kasuwar da ke kokawa suna da hujja. Amma kafin mu kira abin ƙiyayya, mu waiwaya gida. Dokar da gwamnatin Gowon ta kafa a 1972 ta ware ƙananan harkokin saye da sayarwa ga 'yan Najeriya. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan China 45 a Kantin Kwari bisa zargin shiga cinikin yadi da aka ce ba huruminsu ba ne, kuma 'yan kasuwa da yawa sun ce madalla. Abin da ɗan Kwari yake ji in ya ga baƙo ya kasa atamfa kusa da shi da farashin da ba zai iya karyawa ba, shi ɗan kasuwar Makola ta Accra yake ji. In mun fahimci na farko, ba mu da dalilin mamakin na biyu.

Sai batun Zango, wanda ya fi kowanne daɗin ji, kuma ni kaina yakan taɓa min zuciya. Ka fito da sassafe a Nima, ka tarar da mai koko da ƙosai a bakin titi, mai shinkafa da wake tana zubawa a ganye, ana gaisawa da "sannu da aiki", ladan yana kira daga ɗan masallacin lungu. Garin Kasoa da ke yamma da Accra ma daga kalmar kasuwa ya samo sunansa. Mutum sai ya manta cewa ya ƙetare iyakoki uku. To amma tsohon da kuka sha koko tare, mai yiwuwa kakansa a nan aka haife shi. Ɗan Ghana ne, yana da katin ɗan ƙasa, yana jefa ƙuri'a, dokar da ta hana ka rumfa shi ta ba shi. Harshe ɗaya kuke yi, alƙibla ɗaya kuke fuskanta, amma a gaban hukuma shi ɗan gida ne, kai baƙo.

Kuma mutanen Zango sun fi kowa sanin nauyin takarda. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwan mutane suka kama hanya: Yarbawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, har da waɗanda a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka fita daga Najeriya, har jakar nan mai zane-zane ta samu sunan da muke kiranta da shi yau. A lura da shekarar: an yi wannan kora ne bayan shekara huɗu da sa hannu kan yarjejeniyar Dakar.

Yanzu ga hujjar kakanni, wadda a ganina an fi yi mata gurguwar fahimta. Gaskiya ne fatake ba su riƙe fasfo ba. Amma wanda ya ce sun shiga ƙasar mutane yadda suka ga dama bai san fatauci ba. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, kuma babban aikin madugu, bayan sanin hanya, shi ne sasantawa da masu ƙasa. A biya kuɗin fito a bakin Kwara, a kai gaisuwa ga sarakunan Bargu, a biya a kowane zango kafin a sauke kaya. In an isa Salaga kuma a nan ake tsayawa, domin a mafi yawan ƙarni na 19 masarautar Asante ba ta barin fataken arewa su wuce zuwa dazukan goro. Su Asante ke kawo goron Salaga, a can ake ciniki, har sai da Turawan Ingila suka karya ƙarfinsu a 1874 al'amura suka fara sauyawa. Ashe tun wancan zamani akwai sana'ar da aka ce ta ɗan ƙasa ce. Zangon kansa ba wurin da baƙo ya ga fili ya kafa bukka ba ne. Sabon Zango na Accra fili ne da Malam Bako ya samu daga hannun sarakunan Ga.

A cikin gari kuma falke ba ya ciniki da ka. Yana sauka ne a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. A nan ne wasu ke cewa, to ai rubuta shago da sunan ɗan gari shi ne tsarin maigida na zamani. A'a, akasin juna ne. A tsarin maigida duk kasuwa ta san kayan na falke ne. Sarkin Zango ya sani, dillalai sun sani, kuma maigidan da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Kano, ba ayarin da zai ƙara sauka a gidansa. Abin da ke kare dukiyar baƙo shi ne kowa ya san tasa ce. Shi kuwa aron suna, ba ya aiki sai in an ɓoye. Ranar da rigima ta tashi, ba ka da bakin zuwa kotu, domin hujjarka ita ce shaidar ka karya doka, musamman da yake dokar kamfanoni ta Ghana ta 2019 ta wajabta bayyana ainihin mai kamfani.

Na ga wannan a cikin danginmu. Ɗan wata yayata ya sayar da filinsa ya tafi Kumasi, ya biya hayar shago ta shekara biyu a dunƙule kamar yadda masu gidajen can suka saba nema, ya zuba kayan waya, komai da sunan wani abokinsa ɗan Zango. Abokin nan mutumin kirki ne, ko sidi ɗaya bai taɓa ci masa ba. Bayan shekara uku Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka zo rabon gado, magada suka ɗauko takardu: rajista da sunan mamaci, rasit na haya da sunansa, asusun banki da sunansa. Da yaron ya dawo ya zauna a zaure ya ce min, "Kawu, wallahi ba su zalunce ni da gangan ba, abin da suka gani a rubuce suka bi." Ban samu abin ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Masu zuwa Saudiyya su ma su sani, can abin ya fi haka: dokar 2020 ta hana tasatturi, wato aron suna, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, kuma tana hawa kan mai ara suna da wanda aka ara wa.

Ba cewa nake yi kada a fita ba. Alhassan Ɗantata ma sai da ya zauna a Accra yana tura goro ta jirgin ruwa zuwa Legas kafin ya zama abin da ya zama a harkar gyaɗa. Amma a dubi irin cinikin da ya yi: ɗaukar kaya daga inda suke zuwa inda ake nemansu. Abin sha'awa, ita dokar 2013 ɗin da ake kuka da ita ta cire sharaɗin jari ga kamfanin da aka kafa don fitar da kayan Ghana waje, da kuma mai sarrafa kaya a masana'anta. Ma'ana, ƙofar da fatake suka bi ba a rufe ta ba. Wadda aka rufe ita ce ta gogayya da ɗan gari a kan teburinsa. Haka nan mai kai albasa ko shanu, ya sayar wa 'yan sari ya juyo, matsayinsa daban da na wanda ya kama rumfa ya zauna.

Yaron nan namu bai daina zuwa Kumasi ba. Yanzu goro da man kaɗanya yake saro wa wasu 'yan kasuwa a Kano, yakan yi mako uku ya dawo. Kafin ya sake farawa sai da ya biya wani lauya a can ya karanta masa abin da ya halatta gare shi da abin da bai halatta ba, kuɗin da a da yake ganin asara ne. A gidan magadan abokinsa yake sauka, yana ba su la'adarsu a gaban shaidu, kuma kowane buhu da sunansa a jiki.