Lambar da Ta Karya Hasashen Fermat

Lamba 4,294,967,297 tana da alƙaluma goma, kuma idan aka dube ta da ido babu abin da ke nuna ajinta. Ba ta rabuwa da 2, ba ta rabuwa da 3 ko 5 ko 7. Ana samunta ne idan aka jera 2 guda talatin da biyu aka ninka su, sannan aka ƙara ɗaya. A 1640 Pierre de Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya lura cewa idan aka yi haka da 2 guda ɗaya, biyu, huɗu, takwas da sha shida, ana samun 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ɗaya da su kansu kawai ke raba su ba saura. Sai ya yi hasashen cewa duk na gaba ma haka za su kasance.

Shekara casa'in da biyu bayan haka, a 1732, Leonhard Euler ya nuna cewa lamba ta shida a jerin, wato wannan tamu, 641 ce sau 6,700,417. Ke nan ta faɗa ajin lambobin da ke haɗe da marasa rabuwa biyu kacal. A ganina darajar aikin Euler tana cikin hanyar da ya bi. Ya tabbatar da cewa duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Da wannan hujja sai dubban lambobin da ya kamata a gwada suka ragu matuƙa zuwa marasa rabuwa masu wannan siffa: 193, 257, 449, 577, sai 641 ta biyar. Shaidu biyar na farkon jerin da suka yi daidai sun rinjayi gwani irin Fermat, amma ba su isa su yanke wa lamba ta shida hukunci ba.

Wani zai ce wannan wahalar banza ce, tunda yau kwamfuta na warware lambar kafin ƙiftawar ido. Gaskiya ne ga mai alƙaluma goma. Amma jerin yana girma da saurin da inji ba ya iya bi. An tabbatar da cewa duk waɗanda suka biyo baya, har zuwa wadda ake ninka 2 guda 4,294,967,296, masu rabuwa ne. Ta gaba da ita kuwa tana da alƙaluma fiye da biliyan biyu da rabi, kuma har yau ba a san ajinta ba. Masu neman abin da ke raba irin waɗannan lambobi na dogara ne da ƙa'idar Euler, wadda Édouard Lucas ya ƙara tsaurarawa a 1878.

Masu cewa irin waɗannan lambobi ba su da amfani a rayuwa ma akwai amsarsu. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai kusurwa 17 daidai wa daida da ma'auni da kamfas kawai, saboda 17 na cikin marasa rabuwa na wannan jeri. Tsarin RSA na 1977, wanda ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet, ya ginu ne kan wahalar warware babbar lamba zuwa marasa rabuwa biyu da suka haife ta, kuma mafi yawan makullansa na amfani da 65,537, lamba ta ƙarshe da aka san hasashen Fermat ya dace a kanta.